Jirgi Mai Inji Biyu

"Lafiya lau na kwana, ganin fuskarka ne dai ya tayar mini da ciwon," Hajiya Uwa ta amsa gaisuwar jikanta Muntasir.

Kwana tara ke nan da asibiti suka ce mu mai da kakarmu gida unguwar Kwarbai a Zariya, a ci gaba da addu'a. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ni Sakinatu nake jinyarta, kuma ni kaɗai yayan nawa ya gaya wa ya samu aiki. Wani attajiri a Legas zai sayi jirgin sama na kansa, ya ɗauke shi injiniya, jibi za a tura shi kwas Afirka ta Kudu na wata shida. Muntasir ya ce ba zai tafi ya bar ta haka ba. Na ce masa wauta ce, amma da na shiga ɗaki sai da na yi kuka.

"Maigida, takardun me ka maƙale a hammata? Na saki ne?"

"Wa zai ɓata tawadarsa a kanki? Jirgi nake tayawa."

"Kai ɗin? Kai da ko ɗankwali ba ka taɓa saya mini ba?"

"Ina gashin da za a rufe?"

"Marar kunya. Karanto in ji."

"Guda biyu ne, duka masu farfela. Ɗaya inji ɗaya gare shi, ɗayan biyu. Mai biyun tsoho ne, kuɗinsa bai fi rabin na ɗan'uwansa ba."

"Shi za ka ɗauka. Tun kana cikin tsumma na san marowaci ne kai."

"Nan wawa ke faɗawa, tsohuwa. Awa ɗaya a sama, man da zai sha ya kusa ninka na wancan. Inji biyu, gyara biyu. Ga hayar rumfar ajiya, ga inshora, ga albashin matuƙi. Ko yana kwance bai tashi ba, ci yake yi."

"Kamar kai ke nan, shekara huɗu a gidan nan da digiri."

Na ga maganar ta soke shi, amma ya daure ya yi dariya.

"Kuma kowane inji da awowinsa a rubuce. In sun cika, dole a sauke shi a warware shi kaf. Tsohon nan saura masa awa ɗari biyu."

"In an warware sai ya koma sabo?"

"Kamar yau aka ƙera shi."

"Su sun ji daɗi," in ji ta.

Tari ya sarƙe ta. Na tara mata kwano, na yi maza na rufe don kada ya ga jinin, amma ya gani. Da numfashinta ya dawo sai ta dube shi.

"Jibi ne tafiyar, ko? Kun ɗauka kunnena ya riga ni mutuwa?"

"Ba inda za ni. In bar wa wa ke? Ladanin nan da ke zawarcinki?"

"Ya fi ka, shi sau biyar yake fita aiki."

"In na tafi, wa zai yi miki wasan jikoki? Sakinatu ba ta iya tafiyar nan taki ta agwagwa ba."

A gidanmu, in tsohuwa ta rasu, ranar bakwai jikoki ke sa kayanta, su kwaikwayi tafiyarta da masifarta har masu zaman makoki su dara. Ban taɓa jin an yi zancen a gaban mai kayan ba.

"Ashe abin da ya riƙe ka ke nan. Sakinatu, miƙa masa mayafina da sandata. Yi yanzu in gani. Ragon miji ba a bar masa aiki a bayan ido."

Na miƙa masa. Sannan ya lulluɓa, ya ranƙwafa, ya taka zuwa bakin ƙofa yana dogara sanda, ya maƙe murya: "Wane ɗan banzan ne ya taɓa mini goro?"

Ta yi dariya har da riƙe haƙarƙari, hawaye na gangara mata cikin kunne.

"Ka iya, na yarda. Ka gama naka. Riƙe mayafin, ladanka ne. Jibi kada in buɗe ido in same ka a Zariya."

Yana nan tsaye a ranƙwafe, ya ba mu baya, ya ƙi yaye mayafin daga fuskarsa.