Ranar da Bushiya Ta Rufe wa Shugaba Rumbu

A wani daji da ke bayan babban kogi, gara ta ishi majalisar dabbobi da cin takardu, har aka daina ajiya a ƙasa, aka kafa rumbu a cikin gajimare. Kowace takarda tana can, ba mai buɗe ta sai wanda aka ba izini, shi ma sai da kalmarsa ta sirri. Bushiya aka ɗora a kan ba da izinin, don Allah ya yi ta ba ta da sakin fuska.

Takarda ɗaya ce ke hana ta sukuni, wadda aka rubuta ramin kowane zomo da kurege da gafiya a ciki, da yawan 'ya'yansu, domin a gargaɗe su kafin ambaliya. Ita da kanta ta bi su rami-rami tana rantsuwa cewa ba mai gani sai ita da shugaba.

Shugaban kuwa, Toron Giwa, girma ya hana shi haddace kalma. Sai ya ba sakatarensa Aku ya riƙe masa, shi ko Aku bai san wata hanyar hadda ba sai maimaitawa. Ran nan da hantsi Bushiya na ratsa kasuwa ta ji shi a kan tsamiya yana rera kalmar shugaba da iya ƙarfinsa, ga Kura a gindin bishiyar ta kasa kunne. Bushiya ba ta tsaya wata-wata ba. Ta koma ofis da gudu, irin gudun da Allah ya hore wa bushiya, ta soke izinin shugaba.

Kai, ranar an ga tashin hankali! Nan da nan aka kira majalisa.

"Ni za a rufe wa ƙofa a dajina?" in ji Toro. "Wa ya ba ki aikin nan in ba ni ba?"

Kura, shugabar kwamitin jin daɗin ƙanana, ta share ƙwalla. "Ranka ya daɗe, rashin yardar nan ne ke ci mini rai. Shekara uku ina roƙon takardar nan don kawai in riƙa kai wa jarirai ziyara. Duk ɗaya muke. A cire makullin rumbun gaba ɗaya, kowa ya huta."

Bushiya ta matso gaban Toro. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban raina ka ba. Sai dai kalmarka yau ko mai tallan gyaɗa ta iya ta. Ka haddace sabuwa da kanka, yanzun nan in buɗe maka."

"In zauna in yi karatu a gabanki?"

"To wallahi ba zan buɗe ba. Ni na yi wa masu ramukan rantsuwa, ba majalisa ba."

Aka ɗaga hannu. Manya duka suka goyi bayan a kore ta, ƙanana kuwa dama ba su da kujera. Aka ba ta zuwa la'asar ta miƙa wa Kura makulli.

Bushiya ta koma ta zauna ta rarraba takardar shafi-shafi. Kowane gida ta miƙa masa nasa shafin, ta sa shi kaɗai ne mai izini, ta cire har sunanta. Da la'asar ta kawo makullin, ta durƙusa cikin ladabi ta ajiye.

Kura ta buɗe, yawu na ɗiga, ta tarar da wayam.

"Ina ramukan?"

"Suna wurin masu su, ranki ya daɗe. Ki tura musu roƙon izini."

Toro ya daka tsawa. "To wa zai gargaɗe su in ruwa ya taso?"

"Ni. Na san hanya, kuma yanzu ba ni da aiki."

Haka ta yi daminar nan tana bin ramuka a ƙafa cikin taɓo, ba albashi, ba ko sannu daga majalisa. Ita kuwa Kura an bar ta a kan muƙaminta, har ma an yaba mata a taron ƙarshen shekara, ganin yadda ta rame saboda yawan aiki.