Jitar Da Ta Yi Sanarwar Rasuwa

Zamanin wando mai faɗin ƙafa, ni ke kaɗa jitar lantarki a cocinmu na Kafanchan, ina ji da kaina. Ana gobe auren 'yar Fasto, na raina fikof ɗin jitar, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin wayoyinta. Na sayo wani wurin mai gyaran rediyo.

Ya ce, "Malam, ka gwada tukuna."

Na ce, "Ni za ka koya wa jita?"

Amarya na shigowa na murɗa sauti. Ashe sabon fikof ya kamo tashar rediyo. Lasifika ta ce, "Muna baƙin cikin sanar da rasuwar..."

Uwar amarya ta dafe ƙirji. Fasto ya cire tabarau.

Har yau gaisuwar matan coci ke nan: "Mai jita, yau kuma wa ya rasu?"