Ranar da Na Yanke wa Gawo Hukunci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa sa a sare bishiyar da ta fi ni amfani a duniya.

Ni malamin firamare ne a Bodinga. An tura ni Sakkwato bita ta kwana uku kan yadda za a koya wa yara sauyin yanayi, na dawo da jaka da takardar shaida, kaina kuma ya kumbura. (Har matata sai da na yi wa lacca kan itacen girki. Ta saurare ni tsaf, sannan ta tambaya ko zan ci tuwon ɗanye.) Sai aka ce in je wata makaranta a wajen Shagari in koya wa 'yan'uwana malamai abin da na samo.

Cikinsu akwai Malam Bube, wanda ya riƙe hannuna ya koya min rubutu a aji ɗaya. Ya tsufa, ritaya ta matso, amma shi ne a bencin gaba yana rubuta duk abin da na faɗa. Wannan ya ƙara fasa min kai.

Damina ce, gero ya wuce ƙugu. A bita an ce kada darasi ya tsaya a allo, don haka na fitar da malamai gonar makaranta. Can tsakiya ga wata ƙatuwar bishiya ba ganye ko ɗaya, alhali ko'ina kore shar. Na ce a raina, Allah Ya kawo misali.

"Jama'a ku duba," na ce, ina nuni da alli. "Ruwa na zuba, bishiya ta bushe. Wannan shi ne sauyin yanayi. Hedimasta, a sare ta, a dasa dogon yaro biyar a gurbinta."

Hedimastan baƙo ne daga birni. Nan take ya ce gobe za a kira mai gatari.

Sai Malam Bube ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Malam," ya ce da ni (ni ne wai Malam), "wanga icce gawo ne. Da damina shina zub da ganye, da rani shi tofo. Duba ƙarƙashinsa."

Na duba. Geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina tsawo da kauri.

"Da rani shanu na kwana a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar mana taki. Na iske shi bai kai gwiwata ba. Shekara talatin ina hana a taɓa shi."

Ni a shagon ɗinkin babanmu na girma, ban taɓa yin damina guda a gona ba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata malama ta ce daga baya, "To Malam, mu rubuta ya mutu, ko mu jira rani?" Aka fashe da dariya. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Malam Bube bai yi dariya ba. Ya kama hannuna kamar yadda yake yi a aji ɗaya, ya kai ni gindin bishiyar.

"Zancen sauyin ruwa da ya yi mana a aji gaskiya ne," ya ce musu. "Ruwan shuka ba shi zuwa kamar da, kun sani. Ɗana, tsaya nan ka yi darasin. Kai ka faɗi na takarda, ni in faɗi na icce."

Haka muka yi har azahar. Hedimasta ya fasa kiran mai gatari.

Da rani na hau babur na koma, ni kaɗai. Na iske gawon ya yi kore, shanu kwance a ƙasansa, kuma Allah Ya sani sai da na ji kunyar matsawa kusa.

Har yanzu ina horar da malamai. Amma kafin in buɗe jakata, sai na nemi wanda ya fi kowa furfura na tambaye shi sunan kowace bishiya. Takardar shaidar tana nan a bango. Na sake karanta ta, babu gawo a ciki.