Yadda Za Ka Raɗa wa Karyarka Suna Ba Tare da Matarka Ta Daɗe a Yaji Ba

Kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Ni ne Evaristo Ludueña, shekara ashirin da shida ina kiwon fararen karnukan farauta, irin da ake kira dogo, a garin Alta Gracia, kuma babu kwikwiyon da ya taɓa barin gidana ba suna. In ka bi matakan nan bakwai yadda na jera su, na yi maka alkawari karenka zai sami sunan da alƙalan gasa za su gyara zama in an ambata, aurenka kuma zai tsira. Tawa matar kwana goma sha ɗaya kacal ta yi a gidan yayarta, ka ga kuwa hanyar tana aiki.

1. Ka sani, kare mai asali suna biyu gare shi

Akwai sunan takarda, akwai sunan gida. Na takarda shi ne wanda ƙungiyar masu kiwo take buga wa hatimi, kuma dole ya yi tsawon da mai karantawa zai tsaya ya ja numfashi a tsakiya. A wutsiyarsa sai ka liƙa sunan gidan kiwonka. Nawa Dutsen Iska ne, ko da yake bayan gidana fili ne shimfiɗaɗɗe da kaji ke tono a ciki.

Sunan gida kuwa ba kai ke zaɓa ba, karen ne yake jawo wa kansa. Abokina Ceferino Bustos yana da wani ƙato, a takarda sunansa Baltasar na Uku, Yariman Kwarin Zinariya. A gida Silifa ake ce masa, saboda abin da ya cinye makon da ya fara haƙori. Ka kira Baltasar har muryarka ta dushe, ko kunne ba zai ɗaga ba.

2. Ka bi harafi

A wajenmu kowace haihuwa da harafinta. Haihuwar farko duk 'ya'yan sunansu ya fara da A, ta biyu B, haka har ka tsufa. Kada ka tsallake, abokan kiwo za su ce ba ka yi makaranta ba.

Bara na iso kan N. Kwikwiyo shida, maza biyar da mace ɗaya. Mazan ba su ba ni wahala ba, kafin ruwan mate, shayin ganyen da muke sha, ya yi zafi na gama da su. Macen ce 'yar mitsitsiya, uwarta ta ƙi ba ta nono, sai matata ta ɗauke ta ta kai kicin, tana shayar da ita da kwalba a kan cinyarta. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

3. Kada ka yi shawara da kowa

Shawara tana kashe basira. Zauna kai kaɗai da takardar rajista da biro, ka tambayi zuciyarka.

Ni haka na yi. Na ce, a duk duniya me ya fi daraja wanda ya fara da N? Can sai na tuna ai sunan matata Nélida ne. Na ce "na tuna" don tun ranar da na fara ganinta a wajen rawa Gorda nake ce mata, wato Lukuta, kamar yadda rabin mazan garin nan ke kiran matansu don so. Siririya ce kamar sandar tsintsiya, amma wannan bai shafi suna ba. Ita ma Tsoho take ce mini tun ina da gashi a ka.

Na rubuta Nélida, Sarauniyar Dutsen Iska, na aika. Har ƙwalla ta taru mini don daɗin abin kirkin da na yi. Ka lura da kyau: in hatimi ya hau suna, ba ya sauka har abada.

4. Ka sanar a gaban jama'a

Jira ranar Lahadi, an gasa nama, dangi sun cika tebur. Ƙwanƙwasa kofi da wuƙa, ka miƙe, ka karanta takardar da muryar mai labarai.

Da na gama, Ceferino ya ƙware da nama. Matata ta ajiye kwanon salak a hankali, ta ce, "Tsoho, sake karanto na farkon."

Na ce, "Girmamawa ce, Gorda. Kakanta fa sau biyu yana cin gasa."

Ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ina jira in ji sunana a bakinka. Da na haifa maka 'ya'ya, Gorda. Da na yi jinyar mahaifiyarka, Gorda. Na ɗauka mantawa ka yi. Ashe ajiye shi ka yi wa karya."

Ceferino ya goge baki ya ce, "Haba uwargida, ai an ce sarauniya."

Ta ce, "Kai kuma ci namanka, uban Silifa."

Kafin garwashi ya mutu ta hau motar garin Cosquín, sai gidan yayarta Amalia. Gaskiya hankalina ya tashi, don tunda muke ba ta taɓa kwana a waje da fushina ba. Amma gwani ba ya nunawa. Na zauna na cinye salak ɗin tas.

5. Ka koya wa karyar sunanta, da ƙarfi

Kowace safiya ka fita tsakar gida ka buɗe murya. Ni haka na yi ta yi: "Nélida, zo nan! Nélida, zauna! Nélida, saki takalmin nan!" Karyar sai ta kalle ni ta yi hamma.

A rana ta huɗu maƙwabciyata Doña Pura ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Don Evaristo, ihun nan ba zai kai Cosquín ba. In kana son ta, hau mota. Ni dai ban taɓa ganin baiwar Allah da takalmi a baki ba."

Kada ka kula maƙwabta. Duk wanda bai taɓa cike takardar rajista ba ba shi da ta cewa.

A rana ta goma na tashi da safe, na manta gidan ba kowa, na juya wajen kicin na ce, "Gorda, ruwan ya yi zafi?" Sai ga karyar a guje, ta ture kujera, ta zauna a gabana tana kaɗa wutsiya. Na yi tsaye ina kallonta. Ashe duk sanda nake kiran Gorda, tana kan cinyar mai sunan. Ta ji an amsa, ta ga an tashi da ita an nufo ni, sai ta ɗauka da ita nake.

Ka ga inda aka kwana. Na ba karya sunan matata na takarda, ita kuma ta kwashe na gida, matata ba a bar ta da ko ɗaya ba. Na zauna a kicin ɗin, mate ya huce a hannuna, kewa da kunya suka taru a kaina.

6. Ka tafi biko, ka tafi da shaida

Sa rigar zuwa coci, ka cusa karyar a mota. Kada ka wahalar da kanka da shirya magana, yayar matarka ba za ta bari ka kai ƙarshe ba.

Amalia ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ni, ta dubi karyar, ta ce, "A'a, maraba da Sarauniya da direbanta."

Matata tana can ƙarƙashin rumfar inabi, tana cusa nama a kwaɓin empanada tana naɗe bakinsa, ta ba ni baya. Na cire hula na ce, "Gorda..."

Karyar ta yi tsalle ta ɗora mini ƙafafu a ƙirji tana lasar haɓata.

Amalia ta ce, "To ai ta amsa. Kama hanya."

Na sake buɗe baki, sai na ga kalma ɗaya ce ta rage mini. Kwana goma ina ƙwala ta a tsakar gida har maƙwabta suka gaji, amma rabona da in faɗa wa mai ita tun a gaban limamin coci ranar aurenmu. Ta yi mini nauyi a harshe. Na ce a hankali, "Nélida."

Karyar ta koma sosa kunnenta. Hannun matata ya tsaya a kan kwaɓin. Ba ta juyo ba, ta ce, "Da wa kake?"

"Da ke."

"Ban ji ba. Kunnena bai saba ba."

"Nélida, ki zo mu tafi gida. Gidan ba daɗi."

Ta juyo, idonta ya yi ja, ga fulawa a goshinta. Ta ce, "Sau ɗaya kuma, sannan ka ɗauko jakata."

Na faɗa. Amalia ta shige kicin tana zagin albasa.

7. Ka karɓi hukunci ba gardama

Yau a gidana karyar ce Gorda, kuma ta cika sunan, matata kuma Nélida. Da muka je gasa a Córdoba, lasifika ta ce, "Nélida, Sarauniyar Dutsen Iska!" Karyar tana barci. Matata ta miƙe a cikin 'yan kallo tana ɗaga wa jama'a hannu. Na ja rigarta, ta ce, "Sake ni, ai ni aka kira."

Biron rajista ya koma hannunta. Da haihuwar gidan Ceferino ta iso kan E, ita ta ba shi shawara kyauta. Yanzu akwai wani mai faɗin baki da ake kira Evaristo, Jarumin Kwarin Zinariya, a gida kuma Tsoho. Asalinsa mai kyau ne, ba ni da ƙorafi.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk yajin da zai biyo baya, ko takalmin da za a cinye, ko abin da maƙwabta za su jiyo ta kan katanga. In harafinka ya faɗa kan sunan surukarka, ni ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba. In kuma ka zo gidana da ƙorafi, kada ka tsaya a ƙofa ka kira Gorda, kilo arba'in ce kuma da ƙirji take gaisuwa. Nemi Nélida, ita ke da biro. In sunan ya yi maka nauyi, jira in fito in kira maka ita. Ni yanzu ko ba dalili ina kira.