Ranar da Biri Ya Caje Aljihuna a Gaban Surukaina

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a gonar Alhaji ba. Alhaji shi ne mahaifin Hadiza, wadda nake nema da aure a lokacin. Ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya sayi gona a bayan Jiwa kusa da wani dutse, birai kuma suka mai da masararsa tamkar gadon ubansu. Da Hadiza ta faɗa masa cewa ilimin namun daji na karanta, kuma a ofishin kula da gandun daji nake aiki, sai ya ce in zo in duba masa. Ni dai na san ba birai kaɗai za a duba ba. Har lokacin bai ce in turo magabatana ba, bai kuma ce kada in turo ba.

Na tashi da sassafe na zuba babbar riga (zuwa gona fa, jama'a). Na san Hajiya, mahaifiyarta, za ta kawo abinci, na kuma san ko za a yanka ni ba zan buɗe baki in tauna a gaban surukai ba. Matsalar ita ce cikina ba ya jin wannan karatun. Saboda haka na tsaya a bakin hanya wajen Dei-Dei na sayi ayaba da dafaffen ƙwai da gyaɗa, na cusa a aljihun rigar. Shirina in zame bayan mota in cika cikina, in dawo ina fuskar salihai.

Muna isa Hajiya ta shimfiɗa tabarma ta buɗe kular waina da miyar taushe. Ƙamshin ya kusa sa ni kuka.

"Bismillah, ɗana, matso."

"Alhamdu lillahi, Hajiya, a ƙoshe nake. Ni da safe ba na iya cin komai."

"Ikon Allah," in ji ta. Hadiza ta kalle ni ta kau da kai, don ta sha ganin abin da nake yi wa kwanon tuwo.

Rana ta yi zafi, gumi ya ishe ni, na tuɓe babbar rigar na rataye a reshen wata ɗorawa a gefen gona. Sai na fara lacca. Na bayyana wa Alhaji cewa biri ba mugunta ke kawo shi ba. An sare kanya da kaɗanya da tsadar da yake ci a daji, masara kuwa ga ta a jere, ba sai ya wahala ba. Na ce kowace dabba tana auna wahalar da za ta sha da abin da za ta samu, tana kuma auna haɗari. Shi ya sa suke fara ɓarna daga gefen da ke kusa da itatuwa, inda tsalle ɗaya zai kai su sama. Wani ya hau can ƙololuwa yana duba hanya, sauran su cika kumatu su gudu, sai sun sami wuri su tauna a natse.

Alhaji yana ta gyaɗa kai. "To oga, mene ne solushan?"

Jin ya ce mini oga sai kaina ya ƙara girma. Na ɗaga yatsa na ce, "Baba, doka ɗaya ce. Kada a bar abin ci kusa da bishiya babu mai tsaro. Wanda ya yi haka shi ya gayyace su da kansa."

Ban rufe baki ba Hadiza ta ce, "Baba, dubi can."

Wani jan biri ne zaune a reshen ɗorawar, ya jawo rigata kan cinyarsa, hannunsa cikin aljihu har kafaɗa. Bai ko kalli kular Hajiya ba, tunda mutane sun kewaye ta. Ya zaro ayaba, ya ɓare, ya cinye yana kallonmu. Ya sake zura hannu ya fito da ƙwai, ya shinshina, ya fasa a jikin reshe. Ni kuwa ina tsaye da yatsana a sama, na manta yadda ake sauke shi.

"Rigar wa ce waccan?" in ji Hajiya, alhali mu duka mun san mutum ɗaya ne ya zo gona da babbar riga.

Na yi ta maza na ruga ina "Kai! Kai!" Birin ya fizgo ledar gyaɗa, ta yage, gyaɗar ta zubo mini a ka. 'Yan uwansa suka sauko daga dutse suna tsincewa a gefen ƙafata. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. A raina na gama sallama da Hadiza, har na fara tunanin abin da zan faɗa wa mahaifiyata.

Sai na ji Alhaji yana dariya har da tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Gaskiya ka san aikinka. Duk abin da ka faɗa sai da ya faru, har da wanda ya gayyace su."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta zuba waina a faranti, ta malala miya, ta tura gabana. "Zauna ka ci. Mai son 'yata ba zai riƙa ɓuya a bayan mota yana cin ƙwai ba." (Har yau ban san yadda ta gano maganar bayan mota ba.) Na zauna na ci, kaina a ƙasa, har da ƙari. A hanyar komawa Alhaji ya ce in turo manya.

Yanzu 'ya'yanmu sun fara wayo, amma duk ranar da muka je gaisuwa sai Hajiya ta miƙo mini ƙullin leda a bakin ƙofa ta ce, "Ungo, na aljihu." Abin da na koya shi ne, in surukarka ta ce bismillah, wanke hannu kawai. Kunyar tauna a gabanta ba ta kai rabin ta tsayawa da gyaɗa a ka ba.