Ranar da Aka Bar Mini Gida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da idona ya fara sauka a kanta ba. Baƙa ce mai sheƙi, mai faɗin kafaɗa, tana can ita kaɗai bayan tebur, hasken taga na zuba a gefenta. Na tsaya bakin ƙofa da jakata a hannu, na ji zuciyata ta buga. (Kada mai karatu ya gyara zama, ba budurwa ba ce. Kujerar Kumanda ce, irin mai juyawar nan.)

A lokacin sabon jandarma ne ni, ɗan koyo, an turo ni wata ƙaramar birigad, wato ofishin jandarmomi, a arewacin Tahoua. Kafaɗata fayau take, ko zare babu, balle galo, alamar muƙami. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, kuma a irin wannan matsayi kuskure ɗaya babba ya isa a karɓe hularka a nuna maka hanyar tasha. Ranar da zan taho, mahaifiyata sai da ta zagaya da ni unguwarmu gida-gida ina cikin kaki, har gidan da ba ta shiga saboda tsohuwar gaba. Komawa gare ta da farar riga, a ganina, gara ƙasa ta haɗiye ni.

Amma akwatina, rabinsa kaya ne, rabinsa littattafan soyayya, waɗanda nake saya a kasuwar Tahoua tun ina lakwal, wato makarantar boko. Kuma duk wanda ya karanta su ya san tsarin. Jarumi yana zaune a ofis kan kujera mai juyawa. Yarinya ta shigo da hawaye, an zalunce ta. Ya juyo a hankali, ya ce, "Share hawayenki." Daga nan sai biki. Na karanta wannan shafi ta fuskoki da yawa, har na ɗauka haka duniya ke tafiya, kujerar ce kawai ban samu ba.

Tsarin birigad kuwa daban yake da na littafi. A sama akwai Ajidan Mamman, wanda mutanen gari ke kira Kumanda, mu kuma muna ce masa Sebe, kamar yadda ake ce wa duk shugaban birigad. A ƙarƙashinsa akwai Shef Agali, mataimakinsa, dogon Buzu mai yawan dariya, wanda butar shayinsa ba ta sauka daga gawayi. Sai sauran jandarmomi, kowa da tsufansa a aiki. Sai tuta. Sai ni. A saman Sebe kuma akwai Kapiten, can Tahoua, wanda ko sunansa aka ambata sai kowa ya taɓa maɓallin rigarsa. An koya mana a makaranta cewa in shugaba ba ya nan, mai bi masa a galo shi ke riƙe da komai, ba sai an faɗa ba. An koya mana, na ce. Ban ce na saurara ba.

Abin da na saurara shi ne bakin Sebe. Kullum da safe in ya tara mu gaban tuta, ba ya cewa birigad. "Gidanga namu," yake cewa. "Ku riƙe mutuncin gidanga." Kalmar ta zauna mini.

To, ana saura ƴan kwanaki Babbar Salla, da safe, ina shara a tsakar fili, sai ga Sebe ya fito da sauri yana gyara hula, mota na jiransa.

"Kai, yaro, taho nan. Tahoua za ni, wajen Kapiten. Na bar maka gida."

Tsintsiya ta kusa faɗuwa daga hannuna.

"Akwai wani mai taurin kai ciki," ya ƙara, ƙafarsa ɗaya a mota. "Kak ka bari shi hita, ko da mi."

Na ƙame, na sara masa da ƙarfin da har kunnena ya yi ƙara. Mota ta tashi. Na tsaya ina kallon ƙurarta, ƙwalla ta cika mini ido. Ashe dai ya gani! Ashe duk sharar nan da nake yi, yana lura da abin da ke cikina! (Gidan kwanan Sebe yana nan bayan birigad, katanga ɗaya, da ƙofar langa-langa da ake ɗaurewa da igiya. Iyalinsa sun tafi ganin gida. Duk na san wannan. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.)

Na jingine tsintsiya, na wanke fuska, na shiga ofis, na zauna a kanta. Jama'a, tana juyawa. Na juya dama, na juya hagu. Sannan na tuna da mai taurin kai. Na leƙa ɗakin da muke tsare masu laifi, babu kowa sai tabarma. Na koma na zauna ina tunani irin na manyan masu bincike. Wane ne mai taurin kai a gidan nan? Wa ke musu da Sebe kan komai, har kan yawan sukarin shayi? Amsa ta zo mini sarai.

Na sami Shef Agali gindin bishiyar bedi yana fifita gawayi.

"Shef," na ce, "Sebe ya bar mini gida. Kuma ya ce yau ba ka fita."

Ya ɗago ya dube ni. Ya dubi ƙofar langa-langa ta bayan fili. Ya sake dubana. Na ga gashin bakinsa na motsi.

"Haka yac ce, Ɗan Littahi?"

"Ya ce mai taurin kai kada ya fita."

"To wallahi ba ni hita." Ya miƙe tsaye, duk tsawonsa, ya sara mini. "Akwai wata oda, Kumanda?"

Sauran jandarmomi suka ga Shef ya sara, su ma suka sara. Ɗaya ya juya baya yana tari. Na ɗauka hayaƙin gawayi ne.

Hantsi ya yi, sai littafi ya buɗe daidai shafin da nake jira. Aka yi sallama, ta shigo. Madam Ramatu ce, malamar lakwal ɗin garin (mu nan kowace malama Madam ce, ko ba ta yi aure ba). Na sha ganinta daga nesa tana wucewa da alli a yatsu, na kuma sha shirya maganar da zan yi mata, ban taɓa wuce "ina kwana" ba. Yau ga ta a gabana, mayafi ya zame, ido ya yi ja, riƙe da wani ɗan kara da aka gwaguye.

Na juyo da kujera a hankali, yadda aka rubuta.

"Share hawayenki," na ce.

"Ba kuka nake ba, haushi nake ji. Ina Kumanda?"

"Gabansa kike."

Ta dubi kafaɗata. Ta dubi Shef da ke tsaye bakin ƙofa. Shef ya gyaɗa kai da fuskar liman. Sai ta ajiye karan kan tebur ta ce wani ƙaton rago ya faɗa lambun lakwal, ya cinye zogalen da ita da ɗalibanta suka yi ta ɗauko wa ruwa tun daga rijiya, kuma yana can yana neman gamawa da sauran.

Na buga tebur. Na tura jandarmomi biyu. Ba a jima ba suka dawo suna jan wani farin rago mai ƙahoni kamar na zane, da guntuwar igiya a wuyansa, yana turjewa yana huci. Na ce a saka shi ɗakin masu laifi a kulle.

"Kuma a nemo mini mai shi," na ce, ina satar kallon Madam. "Ko wane ne shi a garin nan. Ko ɗan wa ne. A nan gabana zai tsaya ya yi bayani."

"Ko wane ne, Kumanda?" in ji Shef.

"Ko wane ne!"

Ban rufe baki ba na ji ƙarar mota a fili. Ba ɗaya ba, biyu. Ashe Sebe bai kai Tahoua ba, a hanya ya gamu da Kapiten ya fito zagayen ba-zata, suka juyo tare. Kafin in yanke shawarar tashi ko zama, sun cika ƙofa.

Kapiten gajere ne, ba ya ɗaga murya. Ya dubi ofis, ya dubi Madam, ya dube ni a kan kujera.

"Wa ke riƙe da birigad?"

Har yau ina tambayar kaina me ya hana ni yin shiru. Na miƙe, na ƙame, na ce da muryar da aka ji har bakin titi, "Ni ne, mon kapiten!"

Daidai nan, daga ɗakin masu laifi, aka ce, "Meeee."

"Wa ka tsare?"

"Rago, mon kapiten."

"Rago."

"Ya yi ɓarna, mon kapiten. Na ba da oda a kamo mai shi."

Sebe ya taka a hankali ya leƙa ta ƴar tagar ƙarfe. Ya daɗe yana leƙe. Da ya juyo, muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Ragon layyata ne. Jiya da marece anka kawo shi. Yaro, gidana nac ce ka tsare. Gidana, inda nike kwana."

Ban san ko akwai wanda ya taɓa jin kunya ta sauko masa har tafin ƙafa ba. Ni na ji. Madam ta sa mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Kujera kuma, don ta ƙarasa ni, ta ci gaba da juyawa ita kaɗai a bayana tana ƙara.

Kapiten bai yi dariya ba. Ya ce ɗan koyo ya bar inda aka ajiye shi, ya hau kujerar shugaba, ya ba na gaba da shi oda, ya aika jandarmomi cikin gari da sunan hukuma. Ya ce yau rago ne, gobe mutum ne. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo hular."

Na ga mahaifiyata. Na ga gidan nan da ta shiga duk da gaba. Na ɗaga hannu zan cire.

"Mon kapiten."

Shef Agali ne. Ya tako ya tsaya tsakanina da hannun Kapiten, babu sauran dariya a fuskarsa.

"In Sebe ba shi nan, doka ba ta tambaya wa anka bar ma gida. Ni ka riƙe da birigad. Na gane kuskurenai tun da sahe. Kalma guda ta isa in sauke shi, ban hwaɗa ba, don ina son in yi dariya. Jandarmomin da sunka tahi cikin gari, gabana sunka tahi. In akwai hular da za a amsa, ga tawa."

Kapiten ya juya gare shi.

"Shef, bana kake jiran galon ajidan."

"Na sani, mon kapiten."

"Ka san abin da wannan zai jawo."

"Na sani. Yaro ne, ƙarƙashina yake."

Hannun Kapiten ya sauka. Hulata ta tsaya a kaina. Shef ya sha horo, kuma galon da yake jira bai zo ba a shekarar, bai zo ba a ta bayanta. Da na je ba shi haƙuri ina kuka na gaske, ba irin na littafi ba, sai ya miƙo mini kofin shayi ya ce, "Sha, Kumanda. Dariyar da niy yi ranan ta hi galo."

Ni kuma hukuncina shi ne in sake dasa zogalen lakwal, in riƙa ba shi ruwa kowane maraice har ya kama. Madam Ramatu ce ke duba aikin. Makonni ta yi ba ta iya kallona ba tare da ta ce "share hawayenki" ta fashe da dariya ba. Zogalen ya kama. Yanzu ita ce uwar ƴaƴana, kuma duk Babbar Salla sai ta ba su labarin nan tun daga farko, da muryar rago da komai. Babu littafin da na karanta wanda jarumi ya samu mata da bokitin ruwa, amma ban kai ƙara ba.

Shekaru sun tafi. Galo ya hau kafaɗata ɗaya bayan ɗaya, har aka ba ni tawa birigad, da tawa kujerar. Ina alfahari da kakin nan, kuma in an tambaye ni dalili, ba faretin da muka yi nake tunawa ba, bayan Shef Agali nake tunawa, ranar da ya tare mini hannun Kapiten. Abu biyu na koya. In an bar maka gida, tambayi wane gida. Kuma in kana son sanin mai riƙe da wuri, kada ka dubi wanda ke kan kujera, jira a zo karɓar hula ka ga wanda zai tako. Ni ma na tako sau da dama tun daga lokacin, saboda yaran da ke ƙarƙashina, kuma kowane karo ƙafata ba ta yi nauyi ba.

Shef ya samu galonsa daga baya, a makare, bai kuma taɓa zama Sebe ba har ya yi ritaya. Yana can wajen Takanamat yana kiwon raguna, gemu ya yi fari fat. Bara na bi ta can da aiki, na tsaya gaishe shi. Na same shi cikin bukka yana fifita gawayi. Da ya ga galon da ke kafaɗata sai ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, ya sara mini, ya tsaya daga cikin ƙofa bai tako waje ba.

"Shef, fito mana mu gaisa," na ce.

"A'a, Kumanda," ya ce, gashin bakinsa na motsi. "Tun ranan ba ka ɗage odar ba. In hita, ko kak in hita?"