Rasuwar Kumatu a Shuɗiyar Tukunya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu ke warin ruɓaɓɓiyar ƙasa, ni tela mai shago a ƙarshen layi nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar Kumatu, shukar da ta yi shekara tara a kan tagar shagona. Ta cika ranar Litinin da hantsi, bayan jinyar wata biyu a cikin tukunyar da ta fi ƙarfinta.

Marigayiyar irin shukar nan ce mai kaurin ganye, wadda ke adana ruwanta a jikinta, shi ya sa muke ce mata Kumatu. Daga tagar mahaifiyata na ɓallo ta tana 'yar mitsitsiya, sati guda kafin tsohuwar ta kwanta ciwon ajali. Kumatu ba ta da roƙo, ba ta da ƙorafi. Rabin kofin ruwa duk bayan mako biyu ya ishe ta. Ta jure ƙarar keken ɗinki, ta ga masu zuwa zagina a kan rigar da na ce gobe, kuma ba ta taɓa ba da shaida a kaina ba. Gidanta ɗan kasko ne mai huda a gindi, yatsa biyu kacal tsakaninta da bakinsa. In aka ba ta ruwa, kwana uku ƙasar ta bushe, saiwoyi su sha iska.

Ajali ya shigo ta ƙofa ne ranar da surukata ta kawo ɗinki. Ta dubi kaskon ta riƙe baki.

"Haba ɗan nan, wannan ai zalunci ne! Ka matse baiwar Allah, ko ƙafa ba ta iya miƙewa."

Washegari ta aiko da wata shuɗiyar tukunya mai sheƙi, wadda za a iya yi wa jariri wanka a ciki. Na juya gindinta, ko huda ɗaya babu.

Ni da nake auna mutane tun safe har yamma, kallo ɗaya na yi na san ba girmanta ba ne. Na san ƙasa mai yawa ruwa mai yawa take riƙewa, 'yar ƙaramar saiwa kuma ba ta iya shanye shi. Amma wa zai dubi idon surukarsa ya ce kyautarta ta yi yawa? Da ta zo ganin dashe na rusuna na ce, "An gode, Inna, Allah ya ƙara girma." Da hannuna na yi aikin, tana tsaye tana sa albarka. Wannan shirun nawa shi ke hana ni cin abinci yau.

Ciwon ya zo a sannu. Saman ƙasar a bushe, can ciki kuwa jagab. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, ya yi laushi har haske na ratsa shi. Inna ta leƙo ta ce ƙishirwa ce, ta juye mata ragowar ruwan gorarta. Daga nan ne marigayiyar, wadda shekara tara ban ji muryarta ba, ta fara magana. Ina cikin yanka yadi sai in ji tif a kan tebur, ganye ɗaya ya faɗo. Jim kaɗan kuma tif. Wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suka fara shawagi a bakin tukunyar, kamar waɗanda suka riga mu jin labari. Ranar Litinin na taɓa ta, sai ta biyo hannuna ba gardama. Gindinta baƙi ƙirin, saiwa ko ɗaya ba ta rage ba.

Ta rasu ta bar tsohon kaskonta, wanda yanzu maɓallai ke ciki, da ni mai laifi, da 'ya ɗaya tak, wani ɗan tsiro da ya fito daga ganyen da ya faɗo, wanda bai kai kan babban yatsa ba. Ko kaskon uwarta ya yi mata yawa, don haka na huda murfin kwalba na zaunar da ita. Ita kaɗai ta rage mini daga tagar mahaifiyata, kuma tsoro nake ji.

Za a binne marigayiyar ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a bayan shago, gindin katanga inda ruwa ba ya kwanciya. Za a karɓi gaisuwa a kan bencin masu jiran ɗinki. Ana roƙon masu zuwa, don girman Allah, kada kowa ya zo da ruwa.

Inna ma za ta halarta. Matata ta ce har kuka tsohuwar ta yi, ta ce ƙuncin wuri ne ya kashe Kumatu, ashe shuɗiyar tukunyar ma ta yi kaɗan, kuma marainiyar ba za ta sha irin wannan wahala ba muddin tana raye. Inna ta ce a auna mata faɗin ƙofar shago kafin Alhamis, don ta san girman tukunyar da za ta shiga.

Na ɗauko tef na auna. Inci talatin da huɗu ne, na aika mata.